Tarakta mota ce ko ba mota ba? Tambayar da ke cinye haƙƙin mutanenmu

Kwanan baya na halarci wani zaman sulhu a yankinmu na Argungu, kuma wata magana da aka faɗa a wurin ta hana ni sakat. Injin huɗa ne na hannu, irin wanda ake ce wa fawa tila, an ɗaura masa bodi, an loda buhunan shanshera daga fadama. A gangaren shiga gari ya ƙwace wa yaron da ke tuƙi, ya take wata mai tallan fura, ƙafarta ta karye. Da danginta suka tayar da maganar inshora da kuɗin magani, sai mai injin ya gyara zama ya ce: "Wanga ai ba mota ba ta, injin noma na. Mi ya haɗa shi da takardun mota?"

Mai injin kansa yake karewa, ban ga laifinsa sosai ba. Abin da ya ba ni haushi shi ne yadda manyan da ke wurin duk suka gyaɗa kai, aka wuce maganar, aka ba matar ɗan abin da za ta kai wa mai ɗori.

Matsayina a fili yake. Duk abin da inji ke tafiyar da shi, mutum ke sarrafa shi, kuma yake iya shiga inda jama'a ke bi, ya kamata doka ta lissafa shi cikin ababen hawa masu inji idan ana maganar diyya. Tarakta ne, fawa tila ne, motar yankan shinkafa ce, katafila ce, keke napep ne, babur ne, duk hukuncinsu ɗaya. Lamba a gaba ko rashinta, ƙafa biyu ko huɗu, aikin gona ko na haya, babu wanda ya kamata ya hana wanda aka raunata samun haƙƙinsa.

Abin da ke rubuce

Dokar da ta fara wajabta inshora a kan masu abin hawa a Najeriya tun zamanin Turawa take. An yi ta a 1945, ta fara aiki a 1950. Ma'anar da ta bayar gajera ce, mai faɗi kuma: duk abin hawan da ƙarfin inji ke tafiyar da shi, ban da wanda aka ƙera don bin dogo, sannan ta ambaci babur ƙarara. Ke nan ɗan kabu-kabun da ke cewa inshora ta masu mota ce ya yi kuskure tun kafin a haifi kakansa.

Dokokin hanya kuwa, irin waɗanda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke aiki da su, sun ƙara sharaɗi: abin hawan ya kasance an yi shi, ko an gyara shi, don bin hanya. Dokar inshora ta 2003, a sashe na 68, ita ma ta ɗaure maganar da hanya: kada a hau hanya da abin hawa mai inji sai da inshorar da za ta biya dukiyar mutane idan an lalata. A 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar inshora da ta tattara tsofaffin wuri guda.

To a nan ƙofofi biyu suka buɗe, kuma ta cikinsu ake sulalewa. Ta farko: wannan abin, don hanya aka yi shi? Ta biyu: inda abin ya faru, hanya ce?

Wani zai ce mene ne abin damuwa, tunda ko da sanda aka raunata ka kana iya kai ƙara. Gaskiya ne, kotu ba za ta kore ka don abin da ya taka ka ba shi da lamba ba. Sai dai bayan an yi shari'a an ba ka gaskiya, wa zai biya? Yaron da ke tuƙi ɗan ƙwadago ne, abin da ya samu yau shi zai ci yau. Mai injin ma sau da yawa bashi ya ci ya saya. Idan doka ta ce abin mota ne, dole a yi masa inshora, kamfani ne zai biya, kuma akwai asusun da doka ta tanada don wanda abin hawa mara inshora ya buge, ko wanda direba ya buge ya gudu. Idan ta ce ba mota ba ne, duk waɗannan ƙofofi a rufe suke, an bar ka da takardar hukunci a aljihu.

"Ai don gona aka ƙera shi"

Wannan ita ce hujjar da aka fi ji, kuma a Kebbi ba ta da ƙafa.

Wanda ya ƙera fawa tila a Sin ko Indiya, mai yiwuwa huɗa ce kawai a ransa. Mu nan me muke yi da shi? Wata biyu yana huɗa, sauran watannin yana dako. Yana kwaso shanshera daga fadamar Suru da Bunza, yana kai albasa kasuwar Aliero, yana ɗaukar bulo da yashi da jarkokin ruwa. Ranar kasuwa har mutane yake ɗauka. Tarakta ma haka: da safe ta kai 'yan ƙwadago gona a bodi, da yamma ta dawo da su, wani lokaci a kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi Jega da Koko zuwa Yawuri, bayan magariba, ba fitilar baya, tireloli na wuce ta.

Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Anchor Borrowers a nan Kebbi a Nuwamban 2015, noman shinkafa ya faɗaɗa, manyan injinan casa suka kafu a Argungu da Birnin Kebbi, gwamnatoci kuma suna ta rabon kayan noma masu inji. Alheri ne, ba wanda ke musu. Amma kowane inji da aka raba, sai ya bi ta tsakiyar gari kafin ya isa gona. Ba ya tashi sama.

Saboda haka niyyar maƙeri ba ita ce abin dubawa ba. Ranar da aka ɗaura wa injin huɗa bodi da kujerar direba, an gyara shi don hanya ke nan, ko da ma'anar da ta fi tsauri aka auna shi.

Ba mu kaɗai muka yi wannan gardama ba. A 2007, a ƙasar Sulobeniya, wani mutum yana kan tsani yana jera ciyawa a rumbu, sai tarakta mai jan bodi ta yi baya a cikin farfajiyar gidan gona, ta ture tsanin, ya faɗo. Kamfanin inshora ya ƙi biya, ya ce taraktar aiki take yi a gida, ba tafiya a hanya ba. Kotunan ƙasar na farko suka goyi bayan kamfanin. Magana ta kai Kotun Tarayyar Turai, kuma a Satumban 2014 ta yanke hukuncin da ake kira na Vnuk, sunan mutumin da ya faɗo: duk amfanin da aka yi da abin hawa wanda ya dace da aikinsa na yau da kullum, inshorar dole ta shafe shi.

Bayan shekara uku kotun ta ja wani layi a wata shari'a daga Fotugal. A can, tarakta tana tsaye a gonar inabi, an kunna injinta ne kawai don ya tura famfon feshin magani, ƙasa ta zabtare da ita ta danne wata ma'aikaciya. Kotun ta ce a wannan lokacin taraktar injin aiki ce, ba abin sufuri ba. Ni ina ganin wannan bambancin yana da ma'ana a wurinmu. Tarakta da aka girke a masussuka, aka ɗaura mata bel tana juya injin sussuka, idan ta cinye hannun ma'aikaci, wannan haɗarin wurin aiki ne, yana da nasa babin. Amma da zarar ƙafafunta sun fara juyawa, ta zama abin hawa.

Ingila, bayan ta fita daga Tarayyar Turai, ta yi doka a 2022 ta cire kanta daga hukuncin Vnuk, saboda tsoron tsadar inshora. Su suka san hanyoyinsu. Gonarsu tana da shinge da ƙofa, tamu kuwa ta cikinta ake bi a je rijiya.

"A gona aka yi, ba a titi ba"

Ina titin yake a yawancin ƙauyukanmu? Hanyar da ta haɗa ƙauye da fadama ba kwalta, ba ta cikin taswirar ma'aikatar ayyuka, amma nan mata ke bi da itace, nan yara ke koro awaki, nan ɗan kabu-kabu ke bi da mai naƙuda. Filin kasuwa, tasha, bakin mashaya, filin idi, harabar makarantar firamare da ba ta da katanga, duk wurare ne da ababen hawa ke shiga kuma jama'a ke cika.

Tsohuwar dokar ta 1945 ta ce hanya ta haɗa da duk wadda jama'a ke da ikon bi. Wannan ma'ana mai kyau ce, matuƙar alƙali bai matse ta ba. Ni zan so a ƙara mata faɗi a rubuce, a ce duk wurin da jama'a suka saba shiga. In ba haka ba, za a wayi gari tifa ta yi baya a filin kasuwar Jega ta danne mai tebur, lauya ya miƙe ya ce fili ne, ba hanya ba.

"Za ku ƙara wa talaka nauyi"

Wannan ƙorafin shi ya fi ƙarfi, kuma ba zan raina shi ba.

Bari mu fara da kuɗin. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin inshorar dole ta motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, abin da ake iya biya na asarar dukiya kuma ya tashi daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Keke napep naira 5,000 ne, da diyyar dukiya har miliyan 2. Babur naira 3,000, da miliyan 1. Manyan motocin dako naira 100,000, da miliyan 5. Waɗannan adadin na dukiya ne, rai da rauni lissafinsu daban.

Naira 3,000 a shekara ba ta kai kuɗin cika tankin babur sau ɗaya ba. Wanda ke da injin da ake biyansa hayar huɗa a kowace kadada, 'yan dubbai a shekara ba su ne za su karya shi ba. Abin da zai karya shi shi ne ranar da ya take ɗan mutane, aka ce ya sayar da injin da gonar ya biya.

Ainihin tsoron manomi na san shi, kuma yana da gaskiya: duk sabuwar takardar da aka wajabta, sabon dalilin tare mutum ne a hanya. Tun da Sufeton 'Yan Sanda ya ba da umarnin fara kama marasa inshora daga 1 ga Fabrairun 2025, direbobi suka ƙara yawan takardun da suke miƙawa ta taga. Idan aka ce fawa tila ma sai da takarda, manomi zai ga kamar an ƙara masa shinge tsakanin gida da gona.

Sannan ga takardun bogi. Mutane da yawa suna biyan kuɗin inshora a bakin ofishin lasisi ko a tasha, a hannun ɗan kamasho, a ba su takarda mai hatimi wadda babu kamfanin da ya san da ita. Sai ranar haɗari a gane an sayi iska. Ƙungiyar kamfanonin inshora tana da rumbun bayanai da ake duba lambar mota ta waya a ga ko inshorar ta gaske ce, amma direba nawa ne a tashar Kamba ko Zuru suka taɓa jin labarinsa?

Waɗannan matsaloli ne na yadda ake aiwatarwa, kuma maganinsu yana wurin aiwatarwar. A cusa kuɗin inshora cikin farashin injin tun ranar da gwamnati ta raba shi ko dila ya sayar. A bar ƙungiyoyin manoman shinkafa da na masu tarakta su yi wa 'ya'yansu inshora a dunƙule, sunan kowane inji da lambar jikinsa a rajista ɗaya. Ta haka babu ruwan ɗan sanda da tare manomi, ranar da aka yi haɗari ne kawai za a buɗe rajista. Amma a ce don gudun shinge a bar mai tallan fura ta ɗauki asarar ita kaɗai, wannan ma ai talaka aka ɗora wa nauyi, wanda ya fi mai injin talauci.

"Ƙaddara ce, a yafe"

A nan nake so in ɗan daɗe, domin a nan ake rufe yawancin maganganun diyya a ƙasarmu.

Ƙaddara gaskiya ce, yafiya kuma alheri ce. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya saukar da hukuncin kisan kuskure a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i: kaffara a kan wanda ya yi, da diyya da za a miƙa wa iyalan mamaci, sai fa in su suka ga dama suka yi sadaka da ita. Yafiya haƙƙin mai rauni ce da magada. Ba ta mai unguwa ba ce, ba ta shugaban tasha ba ce. Wanda aka taru a kansa, aka nuna masa cewa neman haƙƙinsa rashin tawakkali ne, bai yafe ba, kunya ce ta rufe masa baki.

Malaman Malikiyya kuma sun riga mu tattauna wannan tambayar ta me ya taka mutum. A cikin Risala, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an ce mai kora dabba, da mai janta, da wanda ke kanta, duk suna da lamunin abin da ta taka. Abin da ta yi ita kaɗai, ba da sa hannun kowa ba, shi ne babu biya. Dubi inda suka sa ma'auni. Ba su tsaya tambayar doki ne ko raƙumi ko jaki ba, ba su ce na yaƙi ne ko na noma ba. Sun tambayi wa ke riƙe da linzami. Wannan ya fi wasu ma'anonin dokokin zamani hikima, kuma shi nake so a aro.

Diyyar rai a fiƙihu raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, wato wajen kilo huɗu da kwata. Babu direban da zai iya biyan wannan daga aljihunsa, kuma shari'a ta san haka, shi ya sa ta ɗora diyyar kuskure a kan aƙila, dangin mutum na wajen uba, su haɗu su biya a hankali. Yau ina aƙilar yaron da ya zo ci-rani daga wani gari yana tuƙa injin wani? Tsarin da zai tara kuɗi kaɗan-kaɗan daga masu injuna da yawa, a biya wanda tsautsayi ya faɗa wa, shi ya fi kusa da wannan manufa.

Na san akwai malaman da ke ƙyamar inshorar kasuwa saboda riba da rashin tabbas da ke cikinta. Wannan saɓani ne na ilimi, ba na wasa ba. To amma akwai takaful, inshorar taimakekeniya bisa tsarin Musulunci, wadda NAICOM ta fitar wa ƙa'idoji tun 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi da ke yin ta. Jihar da ke aiki da shari'ar Musulunci tun 2000 ita ta fi cancanta ta rungumi wannan hanya, ta kawo ta har ƙananan hukumomi.

Ina layin zai tsaya?

Za a tambaye ni amalanken shanu. Shi ma yana hawa titi da dare, shi ma yana jawo haɗari. Amsata ita ce a bar shi a waje. Ba shi da inji, ba shi da gudu, kuma hukuncin mai kora da mai ja ya ishe shi. Keke da baro da kurar ruwa ma haka. Ma'anar da ta haɗiye komai ba za ta yi aiki a kan kowa ba.

Masu lantarki su ne sabon abu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ake ta maganar babura da kekuna masu batir. Kada wani ya zo ya ce tunda ba ya shan fetur, ba inji ba ne. Batir ma ƙarfi ne da ke tura ƙarfe. Ƙasashen Tarayyar Turai sun warware tasu da awo: dokarsu ta 2021 ta ce abin da ke iya wuce kilomita 25 a awa, ko wanda nauyinsa ya haura kilo 25 kuma yake wuce kilomita 14 a awa, sai da inshora. A 2023 kotunsu ta ce keken da batir ke taimaka wa mai taka feda kawai bai shiga ciki ba. Indiya kuwa, a dokarta ta 1988, ta cire injinan da aka yi don aiki a cikin masana'anta ko killataccen wuri kaɗai. Ba lallai mu kwafi adadinsu ba, amma hanyar ta yi: a auna nauyi da gudu da wurin da abin ke yawo.

Akwai wanda ke ci mini rai, ko da yake ya fita daga babin hanya. Jirgin ruwa mai inji shi ne motar mutanen Yawuri da Ngaski. Wanda ya nutse a kusa da Wara a watan Mayun 2021 ya tafi da rayuka masu yawa, yawancinsu 'yan kasuwa da masu neman abinci. Babu wata ma'anar abin hawa ta dokar hanya da za ta kai ga iyalansu. Wannan magana ce ta wata rana, amma duk wanda zai gyara dokar diyya a Kebbi ya manta da kogi, rabin aiki ya yi.

Wa zai fara?

Inshora a hannun gwamnatin tarayya take, majalisar jiha ba za ta sake rubuta ma'anar da ke cikin dokar ƙasa ba. Amma jiha tana da abin yi da yawa. Ita ke rajistar ababen hawa, ita ke da jami'an duba lafiyar mota, ita ke sayen tarakta da fawa tila ta raba. Tana iya cewa daga yau duk injin da ya fito daga hannunta, da rajista da takaful na shekarar farko zai fita, kuma duk wanda zai ja bodi a hanya sai da fitila da abin ƙyalli a baya.

'Yan majalisarmu na tarayya kuma su matsa wa NAICOM ta fayyace a ƙa'idojinta cewa injinan noma masu tafiya suna ciki, ta yanka musu farashi mai sauƙi na kansu, ta kuma bayyana da Hausa, a rediyo, yadda ake neman kuɗi daga asusun waɗanda aka buge aka gudu.

Masu zaman sulhu su ma da nasu. Kafin hakimi ko shugaban 'yan tasha ya ce a yafe, ya fara tambaya: injin yana da inshora? An kai rahoto wurin 'yan sanda? An karɓi takardar asibiti? Kamfani ba ya biya da labarin baki, kuma yawancin haƙƙin da ke salwanta a kwana biyun farko yake salwanta, lokacin da aka ɗauke injin daga wurin, aka kai mai rauni gidan mai ɗori, ba a rubuta komai ba.